Kada Gwaggo Ta Ji

Juma'a, 13 ga Maris, bayan la'asar

Falon nan ya koma shagon 'yan gwanjo. Ga tanti, ga igiya, ga tocila ta ɗaurawa a goshi, ga wani bargo mai zif da mutum ke shigewa ciki kamar buhun gero, ga safa har gwiwa wai saboda matsattsaku. Yaya Alkasim na zaune a tsakiyarsu yana murmushi shi kaɗai. Gobe zai tafi daji da abokinsa Kalilu da wasu 'yan Malesiya uku da suke karatun kwamfuta tare. Wai akwai wani kwazazzabo can cikin duwatsu da kogi ya ratsa tsakiyarsa, za su bi shi da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, suna kwana a hanya. Ranar Laraba za su dawo.

Na ce, "Yaya, kakanninmu sun sha wuya sun fito daga daji sun gina gari, kai kuma ka zo har Kuala Lumpur kana neman a mayar da kai?"

Ya ce, har da ɗan lah ɗin nan da 'yan Malesiya ke liƙa wa ƙarshen magana, "Ba za ki gane ba lah. Ƙwaƙwalwa ce ke son hutu."

A gidanmu dai hutu katifa ce da fanka. Duk da haka na yi masa dambun nama da cincin, don ni 'yar halak ce.

Sai da ya gama ɗaure jaka sannan ya kawo maganar da ya yi ta zagayewa tun safe. "Hasna, kada Gwaggo ta ji. In ta kira ki ce ina makaranta."

Ni ce zan yi wa Gwaggo Ɗelu ƙarya. Ita ta haife shi, amma ni ta goya. Ina shekara uku uwata ta rasu, Baba ya miƙa ni ga ƙanwarsa, a ɗakinta na yi wayo, a kan gadonta na kwana har ranar da aka kai ni ɗakin ɗanta. Kullum in ta idar da sallar asuba a Kano, mu nan azahar ta yi, wayata take kira. Ban taɓa ɓoye mata ko fashewar kofi ba.

Kuma ya san dalilin da ba zai faɗa mata ba. Tun da ruwa ya ci Yaya Mika'ilu, ɗanta na fari, ta ɗora wa Yaya Alkasim magana ɗaya tak: kada ƙafarsa ta shiga kogi muddin tana numfashi. Na tuna masa. Ya ce ai ruwan iya idon sawu ne.

Na ce ba zan yi ba. Ya yi ta lallashi da tsokana irin ta taubasai har na yi dariya, shi kuma ya ɗauki dariyar a matsayin na yarda.

Asabar, 14 ga Maris, da hantsi

Ya tafi. Jakar ta fi shi faɗi. Ya faɗi sunan wurin a bakin ƙofa, wani dogon suna da yaren Malay, ni kuwa ina fushi ban saurara ba.

Lahadi, 15 ga Maris, bayan azahar

Jiya na tsira, don Gwaggo ba ta tambaye shi ba. Labarin akuyarta da ta haifi biyu ne ya cinye hirar. Yau kam ta ce, "Ina yayan naki?"

Na ce, "Ya leƙa makaranta, Gwaggo."

Ta ce, "Har Lahadi? Allah ya yi wa karatun nan albarka. Ki riƙa ba shi abinci da kyau."

Na ce amin. Ashe haka ƙarya take da sauƙi, ko tuntuɓe harshena bai yi ba. Abin da ya ƙona min rai ke nan.

Talata, 17 ga Maris, da yamma

An sa dokar kulle saboda korona. Daga gobe ba makaranta, ba masallaci, ba ƙetare jiha, mutum ɗaya ne zai fita daga kowane gida ya yi cefane. Na sauka kedai ɗin ƙasan bene, wato ɗan kantin da muke sayen kayan miya, na tarar da mutane kamar ana rabon kyauta. Ƙwai ya ƙare, burodi ya ƙare. Na samu shinkafa da sardin.

A lif na haɗu da Maman Fa'iz ta hawa na bakwai, takunkumi har ido. Ta ce, "Ke da kanki da wannan kayan? Ina Malam?"

Na ce yana fama da rubutu.

Ba zan iya gaya mata ba. Yayarta na aure a Yakasai, gida uku tsakaninsu da Gwaggo. Maganar da ta shiga kunnen matan unguwarmu ta Sentul da safe, kafin a kira azahar ta isa Kano.

Wayarsa a kashe. Dama ya ce babu sabis a ciki. Duniya ta juye, shi yana can yana hutar da ƙwaƙwalwa.

Laraba, 18 ga Maris, bayan magariba

Na dafa tuwon shinkafa da miyar kuka. Bai dawo ba.

Alhamis, 19 ga Maris, bayan azahar

Rediyo ya tona ni. Gwaggo ta ji an rufe Malesiya, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "An ce har makarantu an rufe. To yau dai yana gida, ba ni shi."

Na ce ya fita cefane, mutum ɗaya ake bari, kuma layi da tsawo.

Ta ce, "In ya dawo ya kira ni."

Na ce to.

Titin da ke ƙarƙashin barandarmu, wanda babura ba sa barin mutum ya runtsa, yau har kukan hankaka nake ji. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen duwatsu, an yi ta tsawa. Ban san ko ta can ya nufa ba. Ban ma san ta ina ya nufa ba.

Juma'a, 20 ga Maris, bayan la'asar

Juma'a ba huɗuba, ba kowa a hanyar masallaci. Na sa hijabi da takunkumi na taka har ofishin 'yan sanda, ina waige kada wata Bahaushiya ta hango ni ta taga.

Ɗan sandan mutumin kirki ne, har kujera ya ba ni. Ya tambayi sunan mijina, na faɗa. Ya tambayi inda ya tafi, na ce daji. Ya ce wane daji? Na ce mai kwazazzabo da kogi. Ya dube ni ya ce, cikin Turanci mai laushi, ƙasar nan rabinta daji ne, kuma kowanne da koginsa. Jihar Pahang ce, ko Perak, ko Kelantan? Sunan ɗan jagoransu fa? Lambar ɗaya daga cikin abokan tafiyar? Ta Kalilu kaɗai nake da ita, ita ma a kashe.

Ya ce in tambayi 'yan ƙasarmu mana, ai ba za a rasa wanda ya sani ba. Na sunkuyar da kai. Yaya bai gaya wa kowa ba, wai tsoron baki. Ni kuma in na tambaya, na gaya wa Gwaggo ke nan.

Ya rubuta abin da ya samu ya ce za su bincika. Na dawo ina jin kunya kamar na yi sata. Mijina na iya kasancewa kwance ƙarƙashin wani dutse, ni kuwa ina nan ina gadin asirinsa. Masu magana sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ban da a gidan nan. A nan shi ke ɗebowa, nawa bakin ke ƙuna.

Gwaggo ta kira ina hanya. Na ce barci yake yi.

Asabar, 21 ga Maris, bayan azahar

Yau yana wanka.

Lahadi, 22 ga Maris, bayan azahar

Ta daina tambayar inda yake. Yau sai ta ce, "Hasna, dube ni." Ta kunna hoto, dole na kunna nawa. Ta rame a kwana biyun nan, ɗankwalinta a karkace.

Ta ce, "Cutar nan ce ta kama shi ko? Sun ɗauke shi sun killace, kina ɓoye min."

Na ce, "A'a Gwaggo, ba cutar ba ce."

Ta ce, "To mene ne?"

Na ce sabis ba kyau, ba na jin ta. Na kashe da hannuna. Matar da ta tauna abinci ta sa min a baki, yau na kashe mata waya a fuska.

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ban san wa nake yi wa ba, shi ko ita ko kaina. Abin da nake tsoro game da shi ba zan rubuta ba.

Litinin, 23 ga Maris, da hantsi

Yana raye. Alhamdu lillahi, yana raye.

Kalilu ne ya kira daga wani ƙaramin asibiti a Pahang. Muryarsa ta dishe, da ƙyar na gane shi. Ya ce, "Madam, ki kwantar da hankali, Oga na nan. Ƙafa ce ta karye, an naɗe ta da filasta. Wayarsa kuma ta bi ruwa."

Na ce, "Wane ruwa? Ba iya idon sawu ba ne?"

Ya ba ni labarin a gutsure. Kwanakin farko lafiya lau, sai matsattsaku da gajiya. Ranar Talata suka shiga inda kwazazzabon ya tsuke, dutse ta dama dutse ta hagu, babu wurin takawa sai cikin kogin, wani wurin har ƙirji, jaka a ka, suna riƙe da igiya. Ko ɗigo ba a yi a kansu ba. Can sama cikin duwatsu aka yi ruwan. Ɗan jagoran ne ya ga kogin ya soma yin ja yana kawo ganye, ya daka musu tsawa su hau dutse. Sauran duk suka hau. Yaya ya koma ɗauko jaka.

Na ce, "Sai me?"

Ya ce, "Wallahi Madam, it was serious. Wannan kam sai dai shi ya gaya miki."

A kan wani faffaɗan dutse suka kwana biyu suna jiran ruwa ya janye, abinci ya tafi, dambun naman da na yi ne kaɗai ya rage a aljihun Kalilu. Daga nan suka yi makara da sandunan tanti suna ɗaukar sa bi da bi, har suka faɗa wani ƙauye na mutanen da ke zaune a dajin tun asali. Su suka ba su rogo, suka fito da su titi a kan babur. Kalilu ya ce sai da suka ga shingen 'yan sanda da takunkumi a fuskar kowa suka san an rufe ƙasa.

Na yi sujada a tsakiyar falo. Da na ɗago kuma sai fushi ya zo ya zauna inda tsoro ya tashi.

Talata, 24 ga Maris, da walaha

Ya kira da wayar Kalilu. Na ɗauka. Ya yi sallama, ya ce, "Hasna, ba ki dai gaya wa Gwaggo ba ko?"

Wannan ce tambayarsa ta farko. Bai ce yaya kika yi ke kaɗai ba. Bai ce kin ci abinci ba.

Na ce, "Yaya, ka kira ta yanzun nan. Ta ɗauka korona ce ta kama ka."

Ya ce ba zai iya ba. Fuskarsa duk ƙujewa ce, za ta ce ya kunna hoto, za ta ga gadon asibiti. In ɗan ƙara riƙe ta har su samu takardar izinin ƙetare jiha, in ya dawo gida ya san yadda zai yi.

Na ce, "Ni kuma in ce mata me?"

Ya ce, "Ke ai ta fi jin maganarki."

Shi ya sa ya zaɓe ni tun farko. Wannan ne ban gane ba ranar da nake dariya.

Alhamis, 26 ga Maris, bayan azahar

Gwaggo ta sayar da akuyar da 'ya'yanta, ta sa an yi saukar Alƙur'ani, ta raba waina a ƙofar gida. Jininta ya hau, an kai ta kemis an auna. Ba ita ta gaya min ba, Maman Fa'iz ce ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ajiye min kwanon alala, ta ja baya ta ce, "Yayata ta ce surukarki ba lafiya, wai tana kuka ɗanta na asibiti. Me ke faruwa ne, Hasna?"

Na ce tsufa ne da yawan jin rediyo. Ta kalli bakin ƙofa inda babu takalmin namiji, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Da Gwaggo ta kira ta ce, "Rantse min da Allah yana da rai."

Na rantse, wannan kam da gaskiyata.

Ta ce, "To rantse min yana cikin gidan nan."

Wannan kam ban rantse ba. Ta jira. Ta ce, "Shi ke nan," ta ajiye.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan azahar

Ba ta kira ba.

Lahadi, 29 ga Maris, da yamma

Sun dawo. Kalilu ya rako shi har bakin lif ya juya, ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Yaya ya shigo yana dogara sanda, ya yi baƙi ya rame, ƙafafunsa duk tabon matsattsaku. Na ɗauka zan yi masifa. Sai na ga kaina ina cire masa riga ina kuka, ina haɗa masa ruwan zafi.

Da na kunna famfo ruwa ya soma zuba a bokiti da ƙarfi, ya ce in kashe. Na ce bai cika ba. Ya ce, "Ki kashe na ce." Na kashe. Ban tambaye shi dalili ba.

Amma da ya ci ya ƙoshi bakinsa ya buɗe. Wai ban ga wuri ba. Duwatsun sun yi tsawon da rana ba ta leƙowa sai tsakar rana, ta ɗan zauna ta wuce. Ruwan garai-garai kana ganin kifi na kewaya ƙafarka. In sun kafa tanti a kan yashi, birai na kuka a sama kamar ana guɗa, ɗan jagoran na dafa shayi da itace. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa jin kansa sakayau kamar a kwanakin nan ba.

Na ce, "Madalla. Gwaggo kuma ta sayar da akuyarta."

Ya ce gobe zai kira ta.

Litinin, 30 ga Maris, bayan la'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru, don kada wata rana zuciyata ta yi masa kwaskwarima.

Ya sa hula, ya zauna inda haske bai cika ba, ya kira da wayata. Gwaggo na ganin sa ta fashe da kuka tana hamdala. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya soma. Wai makaranta ce ta tura su wani tsauni ɗebo samfurin ƙasa, mai karatun kwamfuta da ɗebo ƙasa, santsi ya kwashe shi ya karye, dokar kulle ta rutsa da su a can.

Ta ce, "Babu ruwa a wurin dai ko?"

Ya ce, "Haba Gwaggo, tsauni ne fa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Don wallahi Alkasim, da na ji ka taka maganata ka shiga kogi, da abin da zai fito daga bakina ni kaina ina tsoron sa." Ta share ido. "To me ya hana ka sallame ni? Ka taɓa tafiya ban sa maka albarka ba?"

Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Tafiyar ce ta zo da gaggawa. Na bar wa Hasna saƙo ta gaya miki. Ina jin tsoro ta ji kada hankalinki ya tashi."

Ina tsaye da faranti a hannu. Gwaggo ta ce, "Ba ni ita."

Ya miƙo min wayar, idonsa na roƙo kamar na ɗan akuya a hannun mahauci. A wannan lokacin na tsane shi, ba zan ɓoye ba.

Ta ce, "Hasna, gaskiya ne? Ya ce ki gaya min?"

Kalma ɗaya ce za ta wanke ni. Amma in na ce a'a, za ta tambayi dalili, dalilin kuma kogi ne. Na kalli jijiyar da ke harbawa a gefen goshinta. Na tuna bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma duk abin da ta faɗa a kansa, a gidana zai sauka.

Na ce, "E, Gwaggo. Ya ce in faɗa."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta dube ni kamar tana neman wata a fuskata, ta ce, "Kina kallo ina kuka, kina ce min yana wanka. Shi namiji ne, dama ban sa rai ba. Ke ce ban zata ba." Sannan ta ce in mayar masa da wayar.

Da suka gama ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Kin ceci rayuwata. Za ta huce, ai ke 'yar gaban goshi ce." Ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Laraba, 1 ga Afrilu, bayan azahar

An ƙara wa'adin kulle. Ya samo tsohuwar waya a durowa ya sa layi. Ita ce ke ƙara yanzu in azahar ta yi, ni kuma in shiga kicin.

Juma'a, 3 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kasa daurewa na kira ta da kaina. Ta ɗauka. Na gaishe ta ta amsa, lafiya lau, ya gida, ya mai jiki. Na tambayi jininta ta ce da sauƙi. Na jira ta kawo wani labari kamar yadda ta saba, ko na maƙwabta, ko na tsadar tumatir. Ba ta kawo ba.

Na ce, "Gwaggo, ki yafe min."

Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Sai na ji sallamar wata mata ta shigo ɗakin, ta zauna, ta ce, "Ɗelu, da wa kike waya ne?"

Gwaggo ta ce, "Matar Alkasim ce."

Yana kira na daga falo in zo in gyara masa matashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Bari in je.